Ranar da Muka Kai Awon Jini Dalijan

Ina aji uku a makarantarmu da ke gefen Kalgo aka zaɓe ni mataimakiyar shugaba a ƙungiyar ɗalibai mata. Ba ƙwazo ne ya ba ni ba, bakina ne ya ja mini. Wai wadda ba ta gajiya da magana gara a ba ta abin faɗa. Aikinmu bai wuce sharar asibiti, duba marasa lafiya da koya wa matan unguwa karatu ranar Asabar ba. Shugabarmu, wadda muke ce wa amira, 'yar Dalijan ce ta ƙasar Gwandu, doguwa, marar son magana. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin abin da ba a gaya mini ba, sai shirunta ya zame mini ƙaiƙayi.

Da ƙarshen zango ya matso, muka shirya kai wa matan karkara awon hawan jini kyauta, har wata nas ta yarda ta raka mu. Kowa ya ce a je Diggi, tunda ga ta nan ƙasar Kalgo. Amira ta ce Dalijan, ta kuma kafe. Kafin magariba tsegumi ya cika ɗakunan kwana, wai so take a gan ta a garinsu tana ba da umarni. Ni ban gamsu ba. Wadda ko hoto za a ɗauka sai ta laɓe bayan mutane, ita ce za ta kwashe mu har can don a gan ta?

Na tsare ta a bakin famfo tana wanki, na ce ba zan tashi ba sai na ji dalili. Ta daɗe tana cuɗa hijabi kafin ta ce, "Innata ba ta lahiya. Tun damina take ciwon kai da jiri, har ta taɓa hwaɗuwa wurin daka. Ta ƙi asibiti. In awo ya ishe ta cikin gari, ga mata 'yan'uwanta, wataƙila ta miƙa hannu."

Na ce, "To ki ce mata ta je asibiti mana."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ɗiyar hwari nike."

Na san kunyar ɗan fari, amma a gidanmu ta tsufa har haƙoranta sun zube. Ni auta ce, sunana kuwa tun asuba yake bakin uwata. A gidan su amira al'adar na nan da ranta. Uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zama inda take, ba ta cin abinci a gabanta. Goggonta ce ta raine ta, kuma duk wani saƙo ta bakin goggon yake bi. Na dinga jero mata tambayoyi: in kun haɗu a zaure fa? In kin yi rashin lafiya fa? Abin ba ya ci miki rai? Ta yi dariya ta ce, "Ke da anka kira sunanki sau dubu, mi kinka ƙaru?"

Ranar fita muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro a harabar firamare. Mata suka yi ta zuwa, wasu da goyo, wasu da sanda. Amira ta zungure ni da gwiwar hannu, ta nuna mini da ido wata siririyar mata mai shuɗin lulluɓi, tsaye can ƙarshen layi tana kallon wani gefe. Na ƙura mata ido ina neman kamanni, na same shi a goshi da tsayin wuya.

Sakatariyarmu a bariki ta girma, can kudu, kuma zuciyarta fara ce tas. Ban san wa ya tsegunta mata ba, sai dai muka ji ta a lasifika: "Muna roƙon mahaifiyar amirarmu ta fito gaba! Ga kujera, ita za a fara aunawa, don ita ta haifa mana wannan gwarzuwa!" Mata suka rufe baki suna dariya. Mai shuɗin lulluɓi ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya ta fice daga harabar. Sakatariya ta yi tsaye da kujera a hannu, ba ta san abin da ta ɓata ba.

Amira ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta karɓi lasifikar ta danƙa mini, ta ce, "Ke as shugaba har la'asar. Muddin ina wuringa ba ta dawowa." Ta raɗa wa goggonta wata magana, ta wuce bayan azuzuwa inda motarmu take, ta shige ta zauna. Ita ta sha zagin, ita ta nemo nas da na'ura, ga shi ta koma kallon aikin ta tagar mota. Na tausaya mata ƙwarai.

Sai da inuwa ta karkata, layi ya kusa ƙarewa, goggo ta dawo da mai shuɗin lulluɓi. Ni na naɗa mata abin awon a damtse. Hannun ba nauyi, kamar na ɗauki muciya. Da lamba ta fito, nas ta sake aunawa, sannan ta ce jinin ya hau sosai, lallai gobe ta je asibiti a Gwandu.

"Sai an ƙare ciran albasa," in ji ta.

Nas ta yi lallashi, goggo ta yi, ta ƙi. A nan bakin nan nawa ya motsa. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, akwai wata a cikinmu da ta jawo mu tun daga Kalgo. An zage ta, an ce son kai ne, ba ta tanka ba. Ba don albasa ta yi ba, don hannun nan naki ne." Ban ambaci kowa ba, don a wunin nan na koyi wannan.

Ta kalli tabarma. Can ta ce, "Ɗiyata, duk kun ci abinci?"

"Saura mutum ɗaya, Inna."

Ta zaro ƙullin leda daga cikin lulluɓi ta ajiye kusa da ƙafata. "A ba wadda ba ta ci ba." Ta miƙe, ta dubi goggo, ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu, ki biyo mu tahi da sahe."

Na ruga mota da ƙullin. Hoce ne, wainar dawa, ya huce tun tuni, alamar tun safe yake hannunta. Kowanne da shaidar babban yatsa a tsakiya. Amira ta ɗauki ɗaya tana juya shi, ta sa nata yatsan a gurbin.

"Irin wanga Goggo ka kawo mini makaranta tun ina ƙarama," ta ce. "Cewa take ita ta yi, ashe aikin Inna na."

Tambayoyi suka cika mini baki, na haɗiye su. Ita ce ta yi tambayar.

"Ta ce tana tahiya?"

"Ta ce gobe da safe."

Sai a lokacin ta gutsura. Ta cinye su duka, hawaye na zuba, ko tayi ba ta yi mini ba.