Saniyar da Ba Ta Cikin Manhaja

A sashen koyon likitancin dabbobi na wata jami'a, kafin ka ga Uwar Garke za ka ji warin takalminta. Takalmin roba ne dogo har gwiwa, ba ya rabuwa da kashin shanu, kuma da shi take shiga aji, da shi take shiga taron malamai ta zauna kusa da wanda ya fi kowa fesa turare. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har masu shara ba su san wani ba. A gabanta dai Malama ake cewa, don zuciyarta a kusa take, in ta soma faɗa kuma ba ta duba wa ke tsaye.

A bayan shanun mahaifinta ta tashi. Ƙaramin yatsanta na hagu a karkace yake tun tana yarinya, igiyar wani maraƙi ce ta murɗe shi, kuma shi take fara nuna wa sababbin ɗalibai. "Wannan ne digirina na farko," take cewa, "sauran duk takarda ne." Kwas ɗaya ta riƙe shekara da shekaru, na koyon taɓa dabba, a garken da ke bayan ginin sashen, inda jami'a ke ajiye 'yan shanu don koyarwa. Tana tsayar da ɗalibi a gefen saniya, ba littafi ba magana, har sai jikinsa ya daina rawa, saniyar ta daina hararar sa da gefen ido. Sannan ta ce ya ɗora hannu. A cikin shanun akwai wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho da ake kira Gwaggo, wadda ta shuri 'yan gayu da yawa har suka zama likitoci.

Ana nan sai sabon tsari ya sauko daga ofishin tabbatar da ingancin karatu. Aka ce kowane malami ya rubuta abin da ɗalibi zai iya yi in ya gama kwas ɗinsa, kuma ya zama abin da za a iya aunawa a ba shi maki. Ba laifi ba ne a tambayi malami me yake koyarwa, akwai ma waɗanda ya kamata a ritsa da tambayar tun tuni. Amma Uwar Garke raini ta ɗauki abin. Ta ja takarda ta rubuta layi ɗaya: ɗalibi zai san saniya. Ta aika.

Takardar ta dawo da jan zane a ƙarƙashin layin. Mai zanen wani jami'i ne mai sanyin murya da malamai ke kira Jan Biro a bayan idonsa. Ta haye bene zuwa ofishinsa, takalminta na barin shaida a kan kafet.

"Malam, kai ne ka ja wa rubutuna layi?"

"Ni ne, Malama. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Me ya same shi?"

"Ba ya aunuwa. In ɗalibi ya ce ya san saniya, wani ya ce bai sani ba, da me za mu raba gardama?"

"Da ƙafar saniyar. Wanda bai sani ba za ka gan shi yana ɗingishi."

Jan Biro bai yi dariya ba, shi ba ya dariya a bakin aiki. Ya ce akwai taron bita ranar Laraba, za a nuna wa malamai yadda ake rubutawa, ta daure ta zo. Ta ce ranar Laraba tana da saniya mai zawo, kuma zawon ya fi taronsa muhimmanci.

Ba ta je ba. Shugaban sashen, wanda tsohon ɗalibinta ne, Gwaggo ma ta taɓa zaunar da shi a cikin taɓo, ya yi ta binta yana roƙo. "Malama, don Allah, ke kaɗai ake jira."

"Dakta, ku rubuta abin da kuka ga dama, ni ina da aiki."

Bawan Allah ya ɗauko samfurin da aka raba a taron bitar ya bi shi sau da ƙafa: ɗalibi zai lissafa matakan kama saniya, ɗalibi zai bayyana a rubuce alamomin dabba marar lafiya. Ya kai mata garke. Hannunta ɗaya na cikin bakin maraƙi, ta ɗora takardar a kan shinge ta sa hannu da ɗayan, ko kallon rubutun ba ta yi ba.

A jami'a kuwa takarda ba ta kwana inda aka sa mata hannu. Ta tafi majalisar jami'a aka amince, ta wuce wurin kwamitin da ke raba ɗakuna da kayan aiki. Mutanen nan suka zauna cikin sanyin na'ura suna bin kwasa-kwasai ɗaya bayan ɗaya. Lissafawa me take buƙata? Allo da kujeru. Bayyanawa a rubuce fa? Takarda da biro. Suka bi manhajar digirin daga farko har ƙarshe, ba su sami layi ɗaya da ya nemi saniya mai rai ba. Manyan malamai ke nan, masu furfura, kuma a cikinsu babu wanda ya ɗaga kai ya ce, to jama'a, likitan dabbobi ba dabba? Suka yanke cewa a rufe garken, a kwashe shanun, a gina sabon ɗakin jarrabawa a wurin.

A jadawalin sabon zango ta ga an mayar da kwas ɗinta wani aji a hawa na sama. Ranar har masu gadin ƙofa sun ji muryarta. Ta tarar da shugaban sashe da Jan Biro a ofis ɗaya, ta haɗa su ta wanke tas, ta ce sun mayar da karatu wasan yara, ta ce Allah ya isa tsakaninta da duk wanda ya zauna a kwamitin nan.

"Malama, majalisa ta riga ta amince," in ji shugaban, idonsa a ƙasa. "Ba a sake buɗe manhaja sai lokacin bita ta gaba."

Ta san lokacin, kafin ya zo ta yi ritaya.

Jan Biro ya bari sai da ta numfasa, sannan ya ce a hankali, "Malama, da kin rubuta cewa ɗalibi zai shiga garke shi kaɗai ya kama saniya, ya auna zafin jikinta a gaban mai jarrabawa ba tare da ta firgita ba, wallahi da ban ja layi ba. Wannan ana gani da ido, ana ba shi maki. Kuma da babu mai taɓa miki garke."

Abin da take sa ɗalibai yi ke nan duk ƙarshen zango, tun kafin wannan mutum ya san hanyar jami'a. Layi ɗaya ne, da ta zauna minti kaɗan ta rubuta shi. Baƙin cikin da ta ji a lokacin ya fi na rufe garken, don da ƙarya ya yi mata da ta san yadda za ta yi da shi.

Da ta koma gida ta doka ƙofar ɗaki har labule ya faɗo. Mijinta, mai gyaran agogo, ya ɗago daga kan teburinsa da gilashi a ido ɗaya.

"Uwar yara, ƙofar nan dai ba ita ta sa hannu ba."

"Baban yara, ka kiyaye ni yau."

Ya kiyaye ta, ya tashi ya mayar da labulen.

Ta rubuta koke, aka amsa mata da godiya bisa kishinta. Ta sake rubutawa, aka sake gode mata. An sa wa garken kwaɗo tun farkon zango, mai ba shanun abinci kaɗai ke shiga. Ita kuwa tana hawa na sama tana zana saniya a kan allo, zanen da ya fi kama da tebur mai wutsiya, ɗalibai suna kwafa da zuciya ɗaya. Yara ne masu ƙoƙari, sun haddace matakan nan kamar sunayensu. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin ɗumin jikin saniya a tafin hannunsa.

Ranar jarrabawar kwas ɗin, tana zagaya layukan kujeru, sai ta ji ƙarar babbar mota a bayan gini. Ta taga ta hango an kafa katako, ana kora shanun ciki. Duk suka hau sai Gwaggo. Ta kafe ƙafafu a gindin katakon, masu lodi suna jan igiya ta gaba, wani yana murɗa mata wutsiya, wani yana zuba mata sanda a haƙarƙari.

Uwar Garke ta bar wa mataimakinta ajin ta sauka a guje.

"Kai! Ajiye sandar nan kafin in karya ta a kanka! Ku saki igiyar, ku ja baya!"

Suka ja baya. Ta tsaya a gefen kafaɗar saniyar, ta jira har huci ya lafa, kunnuwan suka sauko. Ta ɗora hannu a wuyanta tana sosa ƙarƙashin maƙogwaro da karkataccen yatsan nan. Gwaggo ta jingina kai a jikinta. Sai ta juya ta taka katakon a hankali, igiyar a sake, saniyar ta biyo ta har cikin motar. Da hannunta ta ɗaure ta, ta sauko, aka rufe ƙofa.

Da ta ɗaga kai, ɗaliban duk suna jikin tagogi, mataimakin yana ta faman su koma su zauna.

Ta hau benen ta shiga ajin, gashin saniya a rigarta. Kowa ya koma kujerarsa. Wata ɗaliba a layin gaba, wadda ta fi kowa maki, ta ɗaga hannu.

"Malama, abin da kika yi mata a wuya ɗin nan, a mataki na nawa za mu sa shi?"

Uwar Garke ta dubi takardar tambayoyin da ke kan tebur. A waje motar tana fita daga ƙofa.

"Ba ya ciki," ta ce. "Ku ci gaba da rubutu."