Malam Dzarma, Mutumin da Ya Zama Kwamfuta

Alhaji Abdulsalami ɗan kwangila ɓarawo ne, ba kuma zan sakaya ba. An ba shi aikin kawo kwamfutoci ga sabon sashen jami'a da ke haɗa ilimin na'ura da na kasuwanci, sai ya kawo ƙwanso. Fenti sabo, gilashi na sheƙi, maɓallai cif, amma da aka kwance bayansu babu komai a ciki sai iska. Aka tambaye shi, ya ce kayan cikin suna jirgin ruwa, suna tafe. Suna nan tafe har ɗalibai suka shiga shekarar ƙarshe.

Ba dominsa na ɗauki alƙalami ba. Domin Malam Manasse Dzarma ne, malamin sashen, wanda ke ajiye aiki a daminar bana.

Kowace safiya yakan iso a tsohon babur ɗinsa, ya goge ƙwansunan nan da tsumma kamar masu rai. Ya zaunar da ɗalibai a gabansu, ya zagaya baya ya tsaya, ya ce, "Yau ma ni ne na'urar. Ba ni da hankali, ba ni da tausayi. Abin da kuka ce, shi kaɗai zan yi." Ɗalibi ya danna matattun maɓallai yana faɗin umarninsa da baki, Malam ya aikata.

'Yata Kellu tana ajin, ita ke kawo mana labari gida a unguwar Fezzan. Ta ce wata rana wani Joseph ya umarci na'ura ta tara kaya, ya manta bai ce ta tsaya ba. Malam ya yi ta ɗora kujera kan kujera, yana gumi, har suka kusa taɓo rufi.

"Malam, ya isa haka!"

"Wane Malam? Na'ura ba ta san ya isa ba, ɗana. Ka gaya mata inda za ta tsaya, ko mu kwana a nan."

Ranar Asabar kuwa kasuwar kifi ta Tashar Baga yake kai su, cikin masu banda. A can, tsakanin hayaƙi da kwalayen kifi, yakan lumshe ido ya yi maganar da ba kowa ke ganewa ba. Wai wata rana Umara, dillalin kifin da ke tsaye kusa da su, zai zauna a inuwar dalbejiya, ya san kifin da ake nema a Onitsha tun mota ba ta tashi ba. Wai saƙo zai bi waya ya ƙetare daji da kogi kafin shayi ya huce, kuma yaran nan ne za su riƙe ragamar abin. Umara ya dube shi ya ce, "Wushe, sannu, Malam. Rana ce ta buge ka. Ku ba shi ruwa." Aka yi dariya, har da Malam. Amma Kellu ta ce a hanyar komawa kowa na kallon tagar mota yana juya maganar a ransa.

Sai aka sanar cewa mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a da na'ura mai rai. In ɗalibai suka kasa, a rufe sashen, su koma gida ba takarda. Ba ɗayansu da ya taɓa ganin kwamfuta a kunne.

Kellu aka fara kira. Da gilashin ya kawo koren haske, yatsunta suka sandare. Daga bakin taga Malam ya ce a hankali, "'Yata, ni ne dai. Gaya mini." Ta buɗe baki tana faɗi, tana dannawa, na'ura ta bi. Da ta fito ta ce, "Malam, wannan ta fi ka haƙuri." Mai jarrabawa ya wuni yana mamakin ajin da kowa ke hira da na'ura da baki. Sun ci. Sashen yana nan.

Kai ne, Malam Dzarma, aka miƙa wa ƙarya a kwali, ka ƙi miƙa ta ga 'ya'yan mutane. Kai ne ka zubar da girmanka kana ɗaukar kujeru domin ilimi ya zauna. Ni ban yi jami'a ba, amma na san aiki in na gan shi. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Malaman da ke naɗe hannu suna cewa ba kayan aiki, su je su gaishe ka, su tambaye ka yadda ake yi.

Abdulsalami kuwa kotu ta ɗaure shi, an ƙwace gidansa. Yana gidan yari yanzu haka.