A Sauke Shi

Matakala sittin da huɗu ake takawa daga ɗakin ajiyar fayil, inda nake aikin akawu, zuwa ofishin Yallaɓai, shugabanmu, a hawa na uku. Na ƙirga su tun makon da na kama aiki. Baba Waya bai taɓa ƙirgawa ba, amma babu wanda ya kai shi sanin su, domin shekara ashirin da bakwai ya yi yana masinja a ginin nan, ginin da ba shi da wata hanyar hawa sai ƙafa.

Tsofaffin ma'aikata ne suka laƙaba masa Waya. Wai in ka aike shi sama, kafin ka ɗaga waya ka ce ga saƙo nan tafe, ya riga ya ajiye ya juyo. Gajere ne, siriri, kullum cikin kaki wanda ya koɗe a kafaɗar hagu, inda yake ɗora fayil. Abu ɗaya yake alfahari da shi: bai taɓa buɗe fayil ɗin da aka ba shi ya kai ba. Ba mu haɗa komai ba ta jini, amma tun ranar da na zo ya ce mini "ƙanena", ya nuna mini tagar da ke yoyo da durowar da ke cije yatsa, sunan kuma ya bi ni. Da ƙarfe goma na kowace safiya tare muke shan shayi a kan bencin bayan ƙofata.

Ina da babban littafi da nake rubuta shige da ficen kowane fayil. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na ƙara masa layi biyu da kaina: lokacin da fayil ya bar hannuna, da lokacin da ya isa. Sakatariyar sama takan rubuta lokacin isa a 'yar takarda, Baba Waya ya dawo mini da ita in shigar. Tun daga nan fayil bai sake ɓata ba. Na sha yabo a kan layukan nan biyu, ban kuma ɓoye jin daɗina ba.

A littafin na fara ganin ciwon, kafin in gan shi a jikinsa. Minti huɗu ya zama shida, shida ya zama takwas. Rannan na leƙa sai na gan shi yana saukowa a kaikaice, ya riƙe ƙarfen bene da hannu biyu, ya danne fayil da haɓa.

"Baba, lafiya?"

"Gwiwar dama ce take mini rashin kunya. Hawa da sauƙi, ƙanena. Saukar ce kamar ana soka mini ƙusa a ƙarƙashin ƙoƙon."

Ya lanƙwasa ta a gabana, na ji tana ƙas-ƙas kamar ana taka tsakuwa. Ashe ya kai wata biyar yana fama. Ya shafa man zafi har fatar ta saɓule. Matarsa ta gasa masa da ruwan zafi, ta ɗaure da tsumma tamau har ƙafar ta kumbura. Ya sayi ƙwayoyi a kemis yana haɗiya ba ci ba sha, sai ga ciwon ciki ya ƙaru a kan na gwiwa. In ya daɗe a zaune, tashi ya zama aiki. Tsugunno kuwa ya manta da shi.

Ni na matsa masa muka je asibiti wata Alhamis, aka tura mu sashen gashin ƙashi. Likitar, wata mai fara'a da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta zaunar da shi a bakin gado, ta ɗora yatsa biyu a kan ƙoƙon gwiwar, ta ce ya miƙe ƙafar a hankali.

"Baba, ka ga ƙoƙon nan? Yana da 'yar hanyar da yake zamewa a ciki duk lokacin da ka lanƙwasa ƙafa. Naka ya karkata waje, yana gogar gefe. Naman cinyar da ya kamata ya riƙe shi a tsakiya ya yi rauni."

Na ce, "Kamar durowar da ta goce daga layinta."

"Sak," in ji ta.

"To a kawo guduma mana a mayar da shi," in ji Baba Waya. "Haka nake yi wa durowar wannan."

Ta yi dariya ta ce ba guduma, ba kuma wuƙa, irin nasa da wuya ya kai ga tiyata. Na fito da ɗan littafin aljihuna na rubuta duk abin da ta ce. Ƙwaya sai in ciwon ya tsananta, bayan an ci abinci, kuma ba fiye da 'yan kwanaki ba. In ya dawo daga aiki ya naɗe ƙanƙara a tawul ya ɗora minti goma sha biyar. Ta manna masa wata filasta mai faɗi wadda ta jawo ƙoƙon zuwa ciki, ta sa ya taka matakalar katako da ke ɗakin. Ya hau, ya sauko, ya tsaya yana kallon ƙafar kamar ta aro ce. Ta ce filastar rage zafi kawai take yi, ita da wata safar gwiwa mai huji a tsakiya da ta ba shi. Maganin gaskiya motsa jiki ne: ya kwanta ya ɗaga ƙafar a miƙe sau goma, ya juya gefe ya sake, safe da yamma. Ya kuma sake takalmi, don dugadugan nasa sun cinye ta gefe ɗaya.

"Amma duk wannan aikin banza ne in kana hawa bene sau talatin a rana," in ji ta. "Wata uku nake roƙo. Su ba ka aiki a ƙasa wata uku, za ka koma benenka."

Ta rubuta takarda ta ba shi.

A lokacin teburin karɓar wasiƙu da ke bakin ƙofar shiga ba kowa, mai shi ya yi ritaya. Kujera ce da hatimi da tire biyu. Na ce masa ga wuri kamar don shi aka ajiye. Shi kuwa bai so takardar likita ta hau sama ba.

"Ƙanena, bar takarda daga maganar nan. Zan lallaɓa. In aka rubuta mutum ba shi da lafiya, shi ke nan ya zama fayil."

Na ce masa maganar baka ba ta da lamba, ba ta da kwanan wata, gobe sai a ce ba a yi ba. Na kwana biyu ina lallashinsa. Ni na rubuta masa takardar roƙo da hannuna, na liƙa ta likita a baya, na buɗe fayil, na ba shi lamba.

Ban ji tsoron komai ba, saboda na san tsakaninsa da Yallaɓai. Yallaɓai ya zo ginin nan yana ƙaramin jami'i, wuyan rigarsa ya fi wuyansa faɗi. A shekararsa ta biyu wani muhimmin fayil ya ɓace a hannunsa, har an fara maganar kora. Baba Waya ne ya yini yana jan kabad-kabad har ya gano shi a bayan wata kabad. Duk ma'aikatar ta san labarin, don Yallaɓai da kansa yake bayarwa.

Tare muka hau. Yallaɓai ya taso ya ba shi kujera.

"Haba Baba! Kana cikin wannan hali ba ka faɗa mini ba? Ai kai uba ne a gidan nan. Teburin ƙasa ko? Ka bar mini komai." Ya juyo gare ni. "Akawu, kawo mini littafin nan naka mai lokaci. Ina so in kafa hujja, kada wani ya ce son kai na yi."

Ban kai littafin haka kawai ba. Na zauna na fitar da lissafin wata shida a takarda ɗaya, mako bi mako, daga minti huɗu har zuwa sha ɗaya. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin sha ɗayan, don a ga irin wahalar da yake sha.

Bayan kwana tara fayil ɗin ya sauko. Baba Waya ne ya kawo shi a kafaɗarsa, bai buɗe ba. Ya ajiye a gabana ya tsaya yana haki.

"Duba mini, ƙanena. Me suka ce?"

A ƙasan takardar roƙon, da koren biron Yallaɓai, an rubuta: "An duba. A sauke shi daga ɗaya ga wata."

Mu a ginin nan, duk wanda aka mayar da aikinsa daga wani hawa zuwa na ƙasa, cewa muke an sauke shi. An sauke masu buga takardu daga na biyu zuwa na ɗaya shekarun baya. Wata ma'ana ba ta ko gifta mini ba.

"An sauke ka, Baba! Ɗaya ga wata kana ƙasa."

Ya ɗaga hannu sama ya yi godiya, ya rungume ni har hulata ta faɗi. "Ashe kai ne da gaskiya. Takarda ta yi rana!" Washegari ya zo da 'yar matashiya da matarsa ta ɗinka masa, ya ɗora a kujerar teburin ƙasa. Ya goge tiren nan biyu, ya zuba wa hatimin tawada. Masu gadi suka fara tsokanarsa, suna ce masa Yallaɓan ƙasa, yana ce musu su nemi izini kafin su yi masa magana.

Kwana biyar bayan haka sakatariya ta ba shi wata ambulan a rufe ya kawo mini in shigar. Sunansa ne a baya. Dokar aiki ta ce in buɗe, in ba da lamba, mai ita ya sa hannu. Na buɗe. An sauke shi daga aiki bisa dalilin rashin lafiya, kamar yadda takardar likita da bayanan ɗakin ajiyar fayil suka tabbatar. An gode masa.

Na karanta sau biyu. Yana tsaye yana murmushi, yana jiran in ce masa takardar kama sabon aiki ce. Na karanta masa a hankali, ban tsallake kalma ko ɗaya ba.

"Bayanan ɗakin ajiya," in ji shi. "Wato littafinka."

Na juya masa littafin. Ya sa hannu a inda ya saba sawa. Ya fita, ya ɗauki matashiyarsa daga kujerar, ya saƙale ta a hammata.

Na haura matakala sittin da huɗun nan ban tsaya ba.

"Ranka ya daɗe, ai ƙasa muka roƙa a sauke shi. Wata uku kacal likita ta ce."

Yallaɓai bai ɗago daga abin da yake karantawa ba. "Akawu, masinjan da ba ya hawa bene masinjan me ne? Ni ban ƙirƙiri komai ba. Kai ka kawo mini sha ɗaya, har da jan layi."

"Teburin ƙasa fa?"

"An riga an cike shi."

Da na sauko na buɗe littafina na bi baya. Ga ta nan da rubutun hannuna: takardar ɗaukar sabon mai karɓar wasiƙu, a rufe ta wuce, lambarta da kanunta kawai na shigar ban kula ba. Ta fita daga ofishin Yallaɓai kwana huɗu kafin ranar da ya taso ya ba Baba Waya kujera ya ce a bar masa komai. Baba Waya ne ma ya sauko da ita. Minti goma ta ɗauke shi.

Sai da aka yi wata uku da mako biyu na iya zuwa gidansa. Sau biyu ina kaiwa bakin layinsu ina juyawa. Matarsa ce ta amsa sallamata, ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta ajiye ruwa ba ta zauna ba. Can na hango shi ta ƙofar ɗaki, kwance a gefe ɗaya, yana ɗaga ƙafa yana ƙirgawa. Sai da ya cika goma ya tashi.

Akwai matakala uku daga ɗakinsa zuwa tsakar gidan. Ya sauko su kai tsaye, bai riƙe komai ba. Ba filasta a gwiwar, ba safa. Ya zo gabana ya tsuguna har ƙasa, ya miƙe, ya sake tsugunawa.

"Ka gani? Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Wata uku ta ce, wata uku ne. Ƙoƙo ya koma hanyarsa."

"Alhamdu lillahi, Baba. Na zo ne in ce..."

"Minti nawa na yi daga ɗaki zuwa nan? Ko ba ka zo da biro ba?"

Matarsa ta ce, "Haba malam, baƙo ne fa."

"Ai tambaya na yi."

Na faɗa masa abin da na gano game da teburin, da kwanan watan, da lambar takardar. Na ce na rubuta ƙorafi zuwa sama da Yallaɓai, na haɗa da shafin littafin, kuma in ya samo sabuwar takarda daga likita cewa ya warke, zan liƙa a ciki. Ya saurare ni har na gama, yana murza gwiwar da tafin hannu.

"Wata takardar kuma," in ji shi. "A'a. Ta farkon ta ishe ni."

Ya tambayi masu gadi, ya tambayi tagar da ke yoyo. Ya ce a sa wa durowar nan mai kafin ta cire wa wani yatsa. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin ƙofa, da saurinsa na dā, ni ne ma nake bin bayansa. Ya miƙo mini hannu.

"Na gode da ziyara. A sauka lafiya, Malam Akawu."