Barkonon Inna Hadijatu

Duk wanda ya san ƙauyenmu, can gabas da Daura, ya san Inna Hadijatu mai daka yaji. Gajera ce, amma muryarta daga kan Dutsen Kurciya har kasuwa ana jin ta. A falalen dutsen nan take shanya barkono tun tana amarya. Mu ma can muke baza kuɓewa da kauɗa, awaki kuma suna kiwo a gindi, suna shan zaginta.

Bara sai ga wani kamfani wai zai kewaye dutsen, ya fasa shi, ya kafa tankunan mai da gas. Kansilanmu Badaru ya kai ƙudiri majalisa a mai da wurin filin al'umma, kada a ba kowa. Majalisa ta ce za ta turo kwamiti ya gani ko da gaske ana amfani da shi.

To, kun san mu da baƙi! Mai gari Mainasara ya ce manya za su zo, kada a ba shi kunya. Muka kwashe shanya kaf, aka kore awaki, muka share dutse tas har da yayyafa ruwa. Wallahi Inna ce kan gaba da tsintsiya, tana yi wa masu ƙiwa tsawa.

'Yan kwamiti suka hau, suka duba gabas, suka duba yamma. Shugabansu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai nan ko akuya ba ta zuwa." Mai gari ya shiga rantse-rantse, su kuwa suka tafi gidansa shan fura.

Inna ta dube ni, ta ce, "Raihana, mun kashe kanmu da tsintsiya!"

Kafin su sauke ludayi ta sa mun kinkimo buhunan barkononta, na shekara guda cur, ta zazzage su a kan hanyar da motarsu za ta bi. Da suka zo wucewa, direba ya danna hon, ta riƙe ƙugu.

"Baba, kauce mana," in ji shugaban.

"Ɗan nan, in kun ba da dutse, nan zan riƙa shanya. Gara ku saba tun yau."

Ya fito zai lallashe ta, atishawa ta sarƙe shi, sauran ma suka kama. Da ƙyar ya ce a koma a nuna masa inda kowa ke shanya. Mata muka yi ca, kowa na jan sa zuwa gurbinta. Bayan damina doka ta fito, dutse na jama'a ne, ba mai taɓa shi.

Barkonon dai bai tsira ba. Muna can sama, motar ɗaukar shanu ta bi ta kansa, ta niƙe shi da ƙasa. Na tarar da Inna durƙushe tana tsintar abin da ya rage, hawaye shaɓe-shaɓe, har tausayinta ya kama ni.

Na ce, "Inna, kuka kike?"

Ta ce, "Wane kuka? Yaji ne. Miƙo min kwandon nan."