Injin Jirgin da Arzika Ya Bari a Tudu

Daminar bana ta cika shekara tara da muka kai Arzika makwancinsa. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin in rubuta, don a raina kamar bara ne. Arzika taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, kuma duk wanda ya san taubasantaka a Arewa ya san ba a raga wa juna. Shekara sittin da 'yan kai ina tsokanarsa yana ramawa. Yau ga ni da tsokana cike da baki, ba ni da wanda zan yi wa.

Garinmu na nan gefen Kore Mairuwa, ƙasar gero da wake da rijiyoyi masu zurfi. Ba mu da kogi. Abin da muke kira ruwa shi ne tabkin da damina ke tarawa a fadama, wanda kafin sanyi ya wuce shanu sun sha rabi, rana ta shanye saura. A irin wannan gari ne Arzika ya ajiye injin jirgin ruwa, irin wanda ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, mai igiyar ja a kai da farfela a ƙasa.

Ci-rani ne ya kai shi Gaya, can garin bakin kogi, yana saurayi. Mu muna dawowa da faɗuwar ruwan farko, shi ya yi zamansa. Ya fara da dakon buhuna a bakin kogi, ya koma tuƙa wa wani jirgi, daga baya ya sayi nasa da wani inji da tun a lokacin ma tsoho ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsallakar da mutane da albasa da awaki. Da ciwon baya ya ci ƙarfinsa sai ya sayar da jirgin, amma ya ƙi rabuwa da injin. Ina nan tsaye a tasha ranar da ya sauko daga motar kasuwa, ya nannaɗe injin da bargonsa, shi kuwa sanyi na kaɗa shi. A nan take na naɗa shi Sarkin Ruwan Tudu, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Kowace Juma'a da hantsi yakan tada injin. Yana da tano, babbar gangar ƙarfen nan ta mai, a gindin bedi, wato dalbejiyar ƙofar gida. Matarsa Hajo ce ke cika ta, tulu goma daga rijiyar da igiyarta kaɗai kaya ce, kuma kowane mako sai an sake ruwa saboda maiƙo. Shi kuma ya maƙala injin a bakin tanon, ƙafarsa mai farfela ta nutse. Ya auna baƙin mai da gwangwanin tumatir, ya gauraya da esansi, wato fetur, ya kwance buji, fulogin nan mai ba da wuta, ya goge da gefen rigarsa, ya hura, ya mayar. A ja na uku yake tashi. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, ruwa ya yi ta tafasa a cikin tanon, Arzika ya duƙa yana leƙen wani ɗan rami a bayan injin. Da ya ga siririn ruwa na tsartuwa daga nan sai ya miƙe ya ce, “Ya yi fitsari, lafiyarsa lau.” Ni kuwa in faɗi ƙasa don dariya.

Daga bayan zana Hajo takan ɗaga murya, “Kai jama'a! Kajina za su daina ƙwai!”

Shi kuma, hannunsa a kan sandar tuƙi, ya amsa, “Yi haƙuri, saura kaɗan mu kai gaɓa.”

Shekara goma sha bakwai ana wannan tambaya da wannan amsa, ba a canza ko kalma ɗaya ba. Ni ma ban fasa zuwa ba, don nan nake samun abin tsokana na mako guda. Wata Juma'a, yana goge hannu, ya ce mini, “Nomau, in na riga ka, ka riƙa tada shi. Amma kada ka tada shi a bushe.” Na ce in ya riga ni, dutsen niƙa zan ɗaura masa, mata su huta da daka. Ya yi dariya, na yi dariya. Rabin maganar kawai na riƙe.

Zan faɗi wautata a fili, tunda abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Duk shekarun nan ni na ɗauka ruwan tanon na bege ne. Na ɗauka mutum ne ya rasa kogi, ya ƙera wa kansa ƙarami a ƙofar gida don ya ji sanyi a rai. Kuma ba ni kaɗai ba, duk garin haka muka ɗauka. Mu injin da muka sani shi ne na moto, wato babur, da na ban-ruwan lambu, waɗanda iska ke sanyaya su, ka tada su ko a kan tabarma. Wa zai gaya wa manomin gero cewa akwai injin da ke shan ruwa ta ƙafa?

Zazzaɓin kwana shida ne ya tafi da Arzika, gero na fitar da kai. Juma'a huɗu suka wuce unguwa shiru. A ta biyar na kasa daurewa. Na je gindin bedi, na tarar da tano wayam, Hajo kuma na cikin takaba, ba zan ce ta tafi rijiya ba. Ni kuma, gaskiya, ƙiwuya ta hana ni, na ce ai wasan ruwan na mai shi ne. Na maƙala injin, na yi duk abin da na ga yana yi, na ja igiya. A ja na uku ya tashi. Wallahi sai na ji kamar Arzika ne ya yi gyaran murya a bayana. Na zauna a ƙasa, na rufe ido, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Warin roba mai ƙuna ne ya buɗe mini ido, injin ya yi wata ƙara mara daɗi, ya tsaya cak. Na ja igiya, ta ƙi ko motsi.

Ta bayan zana na ce wa Hajo tsufa ne, injin ya bi maigidansa. Ta ce, “Haka ne.” Na mayar da shi zaure, na lulluɓe shi da bargon nan. Shekara tara ina wuce ƙofar gidan ina kawar da kai.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Arzika zai ce da ya leƙo yau. An kafa mana fanfo mai aiki da hasken rana, mata sun huta da guga, na san da ya ce Hajo ta rasa abin yi masa gori. Samarinmu yanzu ba kogi suke nufa ba, wajen haƙar zinariya suke tafiya, wasu su dawo da moto, wasu a ji shiru. Injunan da ake sayarwa yanzu kuwa, in sun lalace ba mai kwance su, sai a jefar a sayi wani. Wannan da ya ba shi haushi ƙwarai, mutumin da ke ajiye tsohuwar buji a cikin gwangwanin madara don wata rana. Akwai kuma daminar da ruwa ya yi yawa har fadama ta raba mu da gonakinmu kwana da kwanaki, muna tsaye a baki muna kallon gero daga nesa. Ranar na ce a raina, Sarkin Ruwa, da kana nan da ka rama duk abin da na yi maka.

Bana da rani, a wajen sunan jikarta, Hajo ta kira ni gefe. Ta tsufa, kuma sai an ɗaga murya take ji. Ta ce masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu ta kore su. Sannan ta ce, “Nomau, kunnen nan ya kusa rufewa. Kiran salla ma sai iska ta juyo nake ji. Da dai na ƙara jin ƙarar nan ko sau guda.” Ba ta roƙe ni ba, ba ta kuma dube ni ba.

Bayan kwana uku na shiga motar kasuwa zuwa Gaya da injin a cikin bargonsa. A bakin kogi aka nuna mini rumfar wani tsohon makaniki, Baba Idi, wanda tulin matattun injuna ya kusa rufe masa ƙofa. Yana yaye bargon ya ga wayar jan ƙarfe da aka naɗe a sandar tuƙi, ya ce, “Wanga injin Ba'aren nan ne, ɗan ƙasar Arewa. Ina shi?” Na gaya masa. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya ce shi ne mutumin da bai taɓa barin fasinja a tsakiyar ruwa ba. Sannan ya kwance ƙafar injin, ya zaro wani baƙin abu da ya narke ya dunƙule.

“Wa ya tada shi a bushe?”

Na ce ni ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda ya sa wa jaki wuta a wutsiya. Ya nuna mini cewa wannan roba ce mai 'yan yatsu, ita ke jan ruwa daga ƙasa ta zagaya da shi cikin injin ya sanyaya, abin da ya rage ya fita ta ɗan ramin nan. In babu ruwa, kafin ka karanta Fatiha ta ƙone, zafi kuma ya kama injin ya cije. Fitsarin da na yi shekara goma sha bakwai ina yi wa dariya, ashe shi ne shaidar rai.

An daina kawo irin robar tun tuni. Baba Idi ya jiƙa cikin injin da mai kwana da kwanaki yana bubbugawa a hankali har ya saki. Ya samo robar wani sabon inji, ya yi ta sassaƙa da reza yana gwadawa har ta zauna. Kwana goma sha biyu na yi ina kwana a rumfarsa. A rana ta ƙarshe ya maƙala shi a bayan jirgin wani, ya ce in shiga. Shekara ashirin da biyu Arzika na kirana in zo ya tsallakar da ni, tsoro ya hana, ina fakewa da aikin gona. Ranar na shiga, na riƙe katako da hannu biyu. Da muka kai tsakiya, iska ta bugi fuskata, injin na kuka a bayana, na gane abin da yake gani in ya riƙe sandar nan a gindin bedi. Na yi kewarsa har ƙirjina ya yi zafi.

In aka tambaye ni me ya rage na Arzika, ba gona ba ce, an raba. Ba ɗaki ba ne, ya rushe an gina wani. Abin da na gani da idona shi ne, bayan shekara ashirin da shida da barinsa kogi, wani tsoho ya gane shi daga wayar da ya naɗa da hannunsa. Ya riƙe abu guda ya kula da shi yadda ya kamata, ko da duk gari na yi masa dariya, ni ne kuma kan gaba.

Juma'ar da ta biyo bayan dawowata na cika tanon da kaina, bido bayan bido, jarkokin nan na roba, daga fanfo, mata na tambayata ko aure zan ƙara. Hajo ta fito ta zauna a bakin zana. Kafin in taɓa igiya na ce sai na sauke abin da ke wuyana. Na matsa kusa na ce, “Hajo, ni na kashe shi. Ban zuba ruwa ba.”

“Mi?”

Dole na maimaita da ƙarfi, har masu wucewa suka tsaya. Asirin shekara tara, ga shi na faɗe shi da ihu a bakin hanya.

Ta ce, “Ni ke jan ruwan nan, Nomau. Ranar ban ja ba. Ka ɗauka ban sani ba?”

“To mi ya hana ki faɗa?”

“Na ji kana kuka. Mi zan ƙara maka?”

Na auna mai da gwangwanin tumatir, na goge buji, na ja. Na ɗaya shiru, na biyu ya yi tari, a na uku ya tashi. Na duƙa na leƙa, ga siririn ruwan nan na tsartuwa. Na waiwaya, na ga Hajo ta karkato da kunnen da ya fi ji, ta dafa ƙirji. Ta tashi a hankali ta koma bayan zana, inda take tsayawa a da. Can sai muryarta ta fito.

“Kai jama'a! Kajina za su daina ƙwai!”

Ba wanda ya amsa. Ina ji tana jira. Na kama sandar tuƙi, na tattaro abin da ya rage mini na murya, na ce, “Yi haƙuri, saura kaɗan mu kai gaɓa.”

Ta ce, “To, kada ku yi sauri.”