Kwasar Ƙarshe

Muryarta na fara ji kafin in gan ta, a kasuwar Tofa, gefen masu awon gero. Siririya ce, ba za ta wuce shekara sha tara ba, da ɗigon mai a bakin hijabinta. Ina jin awara take soyawa. Tana durƙushe gaban wata dattijuwa, uwar adashi, tana miƙar da kuɗin zubi ɗaya-ɗaya a kan gwiwarta.

"'Yar gidan Bala, kin dai san sabuwar shiga ita ce kwasar ƙarshe? Sati ashirin fa," in ji dattijuwar.

"Na sani, Inna. Yau zubi na sha ɗaya ke nan, ban tsallake ko ɗaya ba."

"Da saura, yarinya. Na ga masu zafin farko da yawa."

Yarinyar tana dariya, amma idonta na kan hannun Inna. Wataƙila injin markaɗe take hange, ga shi ba ta da gonar jingina. Cika alkawari ne kaɗai jarinta. In ta kai ƙarshe lafiya, zagaye na gaba a sa ta cikin na farko.

Inna ta ƙirga, ta soke a lalita. "Allah ya yi albarka. Sai wani satin, Aina'u."

Ta miƙe tana ɓoye murmushi. Da alama yau ne farkon da Inna ta kira ta da sunanta.