Keken Kawu da Sajan Kwastam

Sau biyu na zauna jarrabawar shiga aikin kwastam a Jibiya, kuma sau biyun keke ne ya kayar da ni. Har gobe in na tuna sai na ji haushi ya taso mini, dariya ta biyo bayansa.

Lokacin Turawa suna nan. Duk shekara bayan an cire gyaɗa, wani Bature yakan zo daga Katsina da sajansa, su kafa teburi a gindin tsamiyar tashar kwastam, su ɗebi samari kaɗan da za su riƙa sintiri a hanyoyin daji suna tare 'yan fasa-ƙwauri. Samari kuwa sai su yi dafifi, daga Mazanya, daga Farfaru, daga Kusa, kowa ya sha aski ya shafa man gyaɗa. A gidanmu ni kaɗai na yi elemantare, kuma wallahi ina son kakin nan har cikin ɓargona. Inna ma tun ban zauna jarrabawar ba ta gama shaida wa matan bakin rijiya cewa ɗanta ya zama ɗan kwastam.

Zaman farko na yi rubutu, na yi lissafi, aka auna ƙirjina da igiya. Sai sajan, wani ƙaton mutum mai gashin baki, ya turo keke gabana ya ce, "Ka iya?"

Na ce, "Sosai ma, ranka ya daɗe."

Ban taɓa hawa ba. Ni dai a ganina, wanda ya tashi a bayan jaki tun yaye, keke wane abu ne? Na haye, na taka sau uku, keken ya ga dangar lambun tasha ya ce can za shi. Na ja masa tsaki irin na jaki, bai ji ba. Ta ƙafa sajan ya jawo ni daga cikin ƙaya. Baturen ya gama share hawayen dariya, ya ce da Hausarsa ta hanci in dawo baɗi, amma in sani daga baɗin shekaruna sun wuce, ba sauran wani zama.

Duk danginmu mutum ɗaya ke da keke, shi ne Kawu, yayan Inna, da ke zaune a wani ƙauye hayin Faransi kan hanyar Maraɗi. Tsohon sojan Faransi ne, dogo, busasshe, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, don haka duk maganarsa ihu ce. Keken kuwa a rataye yake a rufin ɗakinsa, naɗe cikin tsohon bargo, matarsa ma ba ta isa ta taɓa shi ba. Da rani ya shigo na ɗauki 'yar jakata na taka zuwa wurinsa, na gaya masa abin da ya faru.

Ya ce, "Mi kac ce? Ɗan ƙanwata ya faɗi gaban Ingilishi? Kai, wannan abin kunya ne ga gidanmu duka!"

Na zaci washegari zan hau. Ina! Mako biyu cur na yi ina goge keke. In goge shi da safe, in tsaya ƙam in ƙame masa, in goge shi da la'asar. Kawu ya ce sojan da bai girmama kayan aikinsa ba, kayan ba za su girmama shi ba, kuma abin da ya kai ni cikin danga ke nan. Da aka zo hawa kuwa, sai ya riƙe sirdi yana gudu a bayana yana ƙirga taku da Faransanci, zaninsa na kwancewa, kajin gari na watsewa. Gwiwoyina duka biyu sun kwaile. Amma cikin wata guda na iya, har ina sakin hannu ɗaya in gai da mutane.

Sai muka zo kan maganar da ta kashe ni. Kawu ya ce saura in koyi yadda ake haɗuwa da mota a hanya. To ƙauyen nan sai a yi mako ba a ga mota ba, don haka Kawu ya ce shi ne mota. Ya samo ƙoƙuna biyu ya ɗaura a ƙirji, wai fitilu, ya riƙe tsumagiya, ya koma can ƙarshen hanya. Ni in taho a keke, shi ya taho a guje yana "Pam! Pam!" da baki. Da mun kusa haɗuwa sai ya daka tsawa, "Adurwat!" wato dama da Faransanci. In na kauce dama, lafiya lau. In na kauce hagu, tsumagiya a gadon baya.

Na ce, "Kawu, a ƙasarmu fa hagu ake bi. Haka aka koya mana a makaranta."

Ya tsaya yana haki, ƙoƙunan na sama suna ƙasa. "Hagu? Hannun tsarki? Da wane hannu kake cin tuwo?"

"Dama."

"Da wace ƙahwa kake shiga masallaci?"

"Dama, Kawu, amma Ingilishi…"

"To kak ka sake yi mani wannan maganar banza. Ni na yi tuƙin keke har bakin teku, ban ga ɗan halas ɗin da ya bi hagu ba. Malaminku bai ji daidai ba ne. Koma!"

Na koma. A raina na ce ba komai, in bi masa dama a nan, ranar jarrabawa in bi hagu abina, ai kaina da hankali. Wata uku muna haka, safe da yamma. Mutanen ƙauye har tabarma suke fitowa da ita su zauna kallo. Wata tsohuwa ta tambayi matar Kawu ko an gwada yi masa turare.

Da kaka ta zagayo, ranar jarrabawa ta zo. Na ɗaura jan zare a wuyan hannuna na hagu don tuni. Ina cikin layi sai na ji ƙararrawa, na waiga, ga Kawu ya ƙetaro iyaka a kan kekensa, sanye da tsohon kakin sojansa da ya yi masa yawa, lambobin yabo biyu na lilo a ƙirji. Ya jingine keken a tsamiya, ya ƙame wa Baturen, ya nuna ni da baki don kowa ya san nasa ne. Kunya ta kama ni, amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Rubutu ya yi kyau, lissafi ya yi kyau, ƙirji ma ya ƙaru saboda furar matar Kawu. Aka turo keke. Na haye tsaf, na kewaye tsamiya sau biyu, har Baturen ya gyaɗa kai. Sannan aka ce in tafi can wajen kasuwar dabbobi in juyo, sajan zai taho a wani keken, a ga yadda za mu wuce juna. Daga wannan sai kaki.

Na juyo. Ina kallon zaren hannuna, ina ta faɗi a raina, hagu, hagu, hagu. Sajan na tahowa a tsakiyar hanya, cikinsa na gaba. Kawu bai ce uffan ba, wannan zan shaide shi har gaban Allah. Sajan ne kawai, da muka kusa, ya ga dama ya yi wasa, ya buɗe baki ya ce, "Pam! Pam!"

Bayana ne ya tuna tsumagiya. Kafin kaina ya ce wani abu, hannuwana sun karya dama. Sajan kuwa ya karya hagunsa, kamar yadda doka ta ce, wurin da na nufa ke nan daidai. Na sake ƙara dama, ya sake ƙara hagu. Muka haɗu gaba da gaba, gwaram! Hularsa ta yi sama, ni na tsinci kaina zaune a kan cikinsa, tayar kekena na juyawa kusa da kunnensa. Ya dube ni daga ƙasa ya ce, "Kai ne na bara ko?"

Ban tashi ba sai ga Kawu a gaban teburi yana ihu, lambobi na kaɗawa. Wai yaro ya bi hannunsa daidai, sajan ne ya shigo masa, a kama sajan. Baturen ya yi masa bayani, Kawu ya miƙa kunnen da ba ya ji. Aka sake yi masa a ɗaya kunnen. Na ga lokacin da maganar ta shiga. Ya dubi sajan, ya dubi jama'a, kowa na gyaɗa kai, har masu tallar ƙuli-ƙuli. Ya koma wurin kekensa.

Aka soke sunana. A hanyar gida ina gaba ina ɗingishi, yana baya yana tura kekensa. Zuciya ta ci ni, na juya na ce, "Na gaya maka, Kawu! Sau nawa na gaya maka? Ka kashe ni, shi ke nan, hankalinka ya kwanta." Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Muka isa gida. Ya shiga ya gai da Inna, ko ruwa bai sha ba ya ce zai koma kafin rana ta faɗi.

Da na fito yin alwalar la'asar sai na ga keken a jingine cikin zaurenmu, an goge shi fes, bargon nan a ninke a kan sirdi. Na leƙa waje, na hango shi can nesa kan hanyar iyaka, a ƙasa, cikin kakin da ya yi masa yawa, yana bin gefen dama. Fushi ya hana ni bin sa, kuma wannan ne abin da na fi jin ciwonsa har yau.

Kaki dai ban taɓa sa shi ba. Da keken nan na fara kai saƙon 'yan kasuwa tsakanin Jibiya da ƙauyuka, daga baya na koyi gyara, da shi na ci abinci na ciyar da iyali. Ni da Kawu mun ci gaba da zumunci, amma maganar hagu da dama ba wanda ya sake tayar da ita har ya rasu.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru aka yi canjin hannu, gwamnati ta ce duk ƙasar ta koma bin dama. Direbobi suka rikice, ana ta koya musu a tasha. Na yi dariya har na riƙe ciki, sai kuma na ji hawaye, don wanda nake son gaya wa ba ya nan. Na sauko da keken daga rufin ɗaki, na goge shi, na hau zuwa ƙauyensu, tun daga ƙofar gidana ina bin dama, ba wanda ya ce mini na yi kuskure.